Yadda Ake Shirya Jawabi Har a Tsaya Gaban Jama'a a Faɗe Shi

Yawanci haka abin yake farawa: an idar da sallar isha'i, kana laluben takalminka, sai mai unguwa ko shugaban ƙungiyarku ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ranar Asabar kai za ka yi mana bayani." Ka amsa da to, domin ba a yi wa babba musu, amma kafin ka kai gida cikinka ya ɗuri ruwa.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar sakandare, ina horar da ɗalibai masu zuwa gasar muhawara. A unguwa kuma sau da yawa ni ake miƙa wa makirfo, daga walimar saukar karatu har taron iyaye da malamai. Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan masu daburcewa a gaban jama'a harshensu lafiya lau yake. Tunanin ne ba su gama ba suka miƙe tsaye. Shi ya sa fiye da rabin aikin da zan bayyana a zaune ake yin sa, da biro a hannu, ba kowa a wurin.

Zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe: an ba ka minti 5 a taron unguwa ka shawo kan magidanta a yashe lambatu kafin ruwan farko ya sauka. Matakan nan su ne dai ko da jawabin na walima ne, ko na ƙungiyar mata, ko na muhawarar makaranta. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu. 'Yar'uwa mai karatu, har da ke nake.

Kayan aiki

Littafin rubutu guda da biro. Littafi nake nufi, ba warwatsattsun takardu ba, domin zai zama ma'ajiyarka na shekaru.

Ƙananan katuna uku ko huɗu, kowanne kamar faɗin tafin hannu. In babu, yanka kwalin sukari ko na ganyen shayi ka yi rubutu a farin gefen. Kati ya fi falle, saboda falle yana kaɗawa in hannu yana rawa, kowa ya gani.

Waya mai naɗar murya, da agogo. In wayarka ba ta naɗa, ari ta wani na rabin awa.

Ƙamus. Akwai na Hausa zalla wanda Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar a 2006, akwai kuma tsohon ƙamusun Bargery na 1934 wanda ake samu a intanet. In duk ba su samu ba, dattijon unguwa ko tsohuwar gidanku sun isa su warware maka yawancin kalmomi.

Masu saurare biyu da za su faɗa maka gaskiya: babba ɗaya, da yaro ko yarinya mai kamar shekara 12. Babba zai kama maka inda ka saɓa ladabi, yaro kuma zai nuna maka inda ba a gane ka ba. Kada ka zaɓi wanda ke jin nauyinka.

Lokaci: kwana uku ya isa jawabin minti 5. In na yau ne da gaggawa, duba bayanin da ke ƙarshen mataki na 9.

Mataki na 1: Koma wurin wanda ya ba ka aikin

Kada ka rubuta komai sai ka ji amsar waɗannan: su wa za su halarta, minti nawa aka ba ka, wa zai yi magana kafin kai kuma a kan me, akwai lasifika ko babu, da ƙarfe nawa za a kira ka. Wannan na ƙarshe mutane suna raina shi. Wanda aka kira saura minti goma a kira magariba, hankalin jama'a yana kan buta da alwala. Dole ya rage jawabinsa ya faɗi babban saƙon tun a farko.

Mataki na 2: Nemo jimla ɗaya

Nan ne gindin aikin. Ka ƙaddara an tashi daga taro, magidanci ya koma gida, uwargida ta ce, "Me aka ce?" Wace amsa kake so ya ba ta? Rubuta wannan amsa a saman shafi, cikin jimla ɗaya.

Masu koyo sukan rubuta abu kamar "Muhimmancin tsafta a cikin al'umma." Wannan kan magana ne kawai, ba ta ce wa kowa ya yi komai ba, ba kuma wanda zai musa ta ko ya amince da ita. Kwatanta da wannan: "Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, kowane gida ya fito da mutum ɗaya da shebur, mu yashe lambatu daga bakin masallaci zuwa kwalbati kafin ruwa ya sauka." A ciki akwai wa, da me, da yaushe, da ina, da dalili. Ko wanda ya yi gyangyaɗi rabin taron zai iya kai ta gida.

In ka zauna rabin awa jimlar ta ƙi fitowa, kada ka ce bari in fara rubutu za ta zo a hanya. Ba ta zuwa. Alama ce ta ɗayan biyu: ko ba ka san batun sosai ba, sai ka tashi ka yi tambaya, matambayi ba ya ɓata, ko kuwa abubuwa uku kake son cusawa a jawabi ɗaya, sai ka zaɓi guda ka ajiye sauran don wani taron. Ajiyewar tana da ciwo, na sani, musamman in abin da za ka bari ya daɗe yana ci maka tuwo a ƙwarya. Amma wanda ya zo da maganar lambatu, ya haɗa da ta 'yan shaye-shaye, ya ƙara da ta kuɗin mai gadi, zai tashi ba a yanke shawara a kan ko ɗaya ba.

Jawabin da ba na neman a yi wani aiki ba ne, kamar na taya murna, shi ma yana da jimlarsa. A walimar sauka tana iya zama: "Wannan yarinya ta kai ga allon sauka ne saboda mahaifiyarta ba ta taɓa ɗora mata talla a lokacin makaranta ba."

Mataki na 3: Tankaɗe abin da ka sani

Buɗe sabon shafi ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku. A kan na farko rubuta "Na gani." Na biyu, "Mai shi ya faɗa mini." Na uku, "Wai." Duk abin da ke kanka game da batun, zuba shi a gidan da ya dace, kuma ka yi wa kanka adalci.

A misalinmu: ruwa ya shiga zauren gidanku bara, wannan ka gani. Katangar wani maƙwabci ta faɗi kuma shi ya ba ka labari da bakinsa, gida na biyu. An ce hukuma ta ware kuɗin yashe magudanai wani ya cinye, ka gani a WhatsApp, gida na uku. Za ka yi mamakin yadda gida na uku ke cika ya tumbatsa.

Gina jawabinka da na farko da na biyu. Na uku kuwa, ko ka bi diddiginsa har ya koma gida na biyu, ko ka bar shi a littafi. Alƙur'ani ya yi umarni a Suratul Hujurati, aya ta 6, da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, a Suratul Isra'i kuma, aya ta 36, ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kai. Ko ta fuskar dabara ma, "wai" guda ɗaya da wani ya tashi ya ƙaryata a bainar jama'a ta isa ta rushe gaskiya goma da ka faɗa kafin ta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Sai tankaɗe na biyu, wanda ya fi wuya. Dubi duk inda ka rubuta "saboda" ko "shi ya sa", ka tambayi kanka: da gaske wannan ne ya jawo wancan, ko dai tare suka faru? Kana so ka ce yara sun sha zazzaɓi bara saboda lambatu ya toshe. Gaskiya ne sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, amma ba a lambatu kaɗai ruwa ke kwanciya ba. Akwai kududdufi, da tsofaffin tayoyi, da gwangwanaye a bayan gida. In ka ɗora wa lambatu laifin duka, ma'aikacin lafiyar da ke zaune a wurin zai san ka yi ƙari. Faɗi iya abin da za ka iya karewa: toshewar tana ƙara wuraren da ruwa ke kwanciya, yashewa kuma tana rage su.

Na uku, zauna a kujerar wanda ba zai yarda da kai ba. Me zai ce? "Aikin hukuma ne, muna biyan haraji." "Bara mun yashe, aka bar dattin a bakin hanya, ruwa ya mayar da shi." "Mu na ƙasa muke wahala, na sama ke zuba shara." Rubuta su da ƙarfinsu, kada ka raunana su don ka ji daɗin kayar da su. Sau da yawa za ka tarar mai ƙorafin yana da gaskiya a wani ɓangare. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙorafin barin datti a bakin hanya, alal misali, gaskiya ne, kuma amsarsa aiki ce: kafin ranar taro ka nemo wanda zai ba da aron baro ko kura, ka san jujin da za a kai. Wanda ya zo da wannan amsa a aljihu ya gama rabin muhawarar tun bai buɗe baki ba.

Mataki na 4: Girka tukunyar a kan duwatsu uku

Jimlarka ita ce tukunya. Zaɓi hujjoji uku daga abin da ya tsira a rariya su zama duwatsun murhu. Biyu ma sun isa in suna da ƙarfi. In sun wuce uku a minti 5, kunne ba ya riƙewa. Misali: abin da ya faru bara, abin da aikin ke buƙata, da amsar babban ƙorafi.

Kowane dutse ka ba shi abu ɗaya da ido ke gani. "Jama'a sun yi asara mai yawa" ba ta taɓa kowa. "Na ga tsohuwa da ƙwarya tana kwalfe ruwa daga ɗakinta da ƙarfe biyun dare" tana taɓawa, in dai ka gani ɗin. Kada ka ambaci sunan mutum a misalin da zai ji kunya, sai da izininsa.

Faɗi jimlarka sau biyu ko uku: bayan gaisuwa, a tsakiya in da hali, sannan a ƙarshe. Anas ɗan Malik ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Mai karatu yana iya komawa baya ya sake duba layi, mai saurare ba shi da wannan dama.

Mataki na 5: Sa karin magana

Zan daɗe a nan, domin nan ne gwaninta take, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

Abu na farko da nake gaya wa ɗalibaina: karin magana ba hujja ba ce. Dalili kuwa, kusan kowace tana da 'yar'uwa mai ja da ita. Ka ce sannu ba ta hana zuwa, wani ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, wani ya ce zafin nema ba ya kawo samu. Duka gaskiya ne, kowace a muhallinta, kuma aikinka ne ka nuna cewa nan muhallin taka ne. Na taɓa raka wani ɗalibi gasa, yaro mai zaƙin baki, ya jera karin magana biyar a jere, ɗaki ya ɗauki tafi. Abokiyar karawarsa ta miƙe a natse ta ce, "Mun ji hikimar kakanni, yanzu muna jiran hujjarka." Ba shi da ita. Tun daga ranar ba na barin ɗalibi ya sa karin magana a takarda sai ya fara nuna mini hujjar da za ta rufe.

Saboda haka wurinta bayan hujja ne, kamar murfi a kan tukunya. Ka gama bayanin cewa in ruwa ya sauka lambatu zai cika, shebur ba zai yi aiki ba, sannan ka ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Ka yi shiru kaɗan. Kada ka fassara ta, kada ka ce "ma'ana". Dattawan da ke wurin sun san ta tun ba a haife ka ba, kuma daɗin karin magana shi ne mai saurare ya ƙarasa ta a zuciyarsa.

Biyu sun isa a minti 5, uku iyaka. Gishiri ce.

Faɗe ta daidai. In kana shakkar lafazinta, tambayi babban mai saurarenka. Gurguwar karin magana tana sa tsofaffi su dubi juna, daga nan kuma sun daina jin sauran bayaninka.

Sai babban gargaɗi: kafin ka sa kowace, tambayi kanka wa za ta sara. Yawancin karin maganarmu suna da kaifi, da yawa ma don habaici aka yi su. "Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa" a taron iyaye da malamai, uwar da ɗanta ya yi laifi a makon nan za ta ɗauka da ita kake, kowa ma zai ɗauka haka. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" nasiha ce mai kyau ga ma'aurata a cikin ɗaki, amma a walimar da dangin ango da na amarya suka ɗan sami saɓani wajen kayan ɗaki, tsokana ce. Wadda ake cewa gyartai ya ci sarauta ya ce ban da tuna baya, kada ta kusanci bakinka a taron taya wani murnar naɗi ko ƙarin girma. Waɗanda ke yi wa kuturu ko makaho ko wata ƙabila dariya, da na kishiya, bar su gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda shekaru ke ba da izinin faɗinsu: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba" ta dace da bakin mai furfura, a bakin ɗan shekara 25 kuwa ba ta zauna ba.

Haka barkwanci. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Katsinawa da Nufawa, yana warware taro ya sa a saki jiki, amma sai in kai ɗan wasan ne na gaskiya kuma abokin wasan yana wurin zai rama. In ba ka cikin masu wannan wasa, kada ka ara.

Ta ina ake samun su? Ware shafukan ƙarshe na littafinka. Duk lokacin da ka ji wata a bakin tsohuwa, ko mahauci, ko ɗan kamasho a tasha, ko mai sharhi a rediyo, rubuta ta tare da abu uku: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, me ya faru. Jerin karin magana tsura, irin wanda ake turawa a waya, ba ya koya maka inda ake ajiye kowace. Kunne ya girmi kaka, amma sai kunnen da ya ji magana a inda aka yi ta.

Mataki na 6: Shirya gaisuwa

Karɓi jerin manyan baƙi a rubuce daga masu shirya taro, da sarautar kowa daidai. Kiran hakimi da sunan dagaci, ko tsallake limami, laifi ne da ake daɗewa ana tunawa. San abin da ake ce wa kowa: "Allah ya ja zamanin sarki", "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe", "Allah ya gafarta malam". In masu magana uku sun riga sun jero sunayen, kada ka sake; "Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, assalamu alaikum" ta wadatar. A taron da ya haɗa Musulmi da Kirista, kamar yadda ake yi a unguwanni da dama na Kaduna ko Jos, yi gaisuwar da kowa zai ji da shi ake. Gaisuwa kada ta ci fiye da rabin minti daga biyar ɗinka.

Guji buɗewa da ban haƙuri irin su "ni dai ban iya magana ba" ko "ban shirya ba". Tawali'u ake nufi, amma abin da jama'a ke ji shi ne izinin daina saurare.

Mataki na 7: Rubuta, sannan ka tace harshen

Yanzu rubuta jawabin duka, yadda za ka faɗe shi da baki. Karanta da ƙarfi. Duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, raba ta biyu.

Bi layi-layi ka fitar da Ingausa. Ba ina cewa ka ƙirƙiro wa mota ko asibiti sabon suna ba, waɗannan sun zama namu. Ina nufin Turancin da ake tsarmawa alhali Hausarsa tana nan, wanda ke sa tsohon da ke sahun gaba ya ji ba da shi ake ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma suna da irin wannan da Faransanci. Haka kalmomin Larabci masu nauyi in ba taron malamai ba ne. Nan ne yaron nan ɗan shekara 12 zai yi maka amfani: karanta masa, ka ce ya faɗa maka abin da ya ji. Inda ya yi tuntuɓe, gyara.

Aya ko hadisi, in za ka kawo, duba lafazin da fassarar a wurin malami. In ba ka tabbatar ba, bar shi.

Mataki na 8: Sauke a kati, ka yi gwaji

Kada ka je da cikakken rubutun, kada kuma ka haddace shi kalma-kalma. Mai karantawa kansa a sunkuye yake, mai hadda kuma in kalma ɗaya ta kuɓuce masa sauran sun bi ta. A kati na farko rubuta gaisuwa da jimlarka cikakkiya. A sauran, kalma uku ko huɗu na tuni ga kowane dutse, da karin maganar da za ta rufe shi. Manyan haruffa, fuska ɗaya, da lamba a kusurwa. Abu biyu kaɗai za ka haddace: jimlar farko da ta ƙarshe.

Tsaya a tsaye, kunna naɗar murya, duba agogo, ka yi jawabin daga kati. Saurari kanka. Karon farko ba daɗi, kowa haka yake ji, daure. Ƙirga sau nawa ka ce "wato", "ka gane", "a gaskiya", "e to". Maganinsu shiru ne: duk inda bakinka ke son cusa "wato", rufe shi ka ja numfashi. Shiru ma magana ce.

In an ba ka minti 5, gwajinka ya tsaya a 4, domin a wurin taro akwai tafi, da gyaran lasifika, da mai shigowa a makare ana gaisawa. In ya wuce, yanke misali ko dutse guda, kada ka ƙara sauri. Nana A'isha ta siffanta maganar Annabi (SAW) da cewa da mai ƙirga zai ƙirga kalmominta da ya ƙirga. A hadisin Ammar ɗan Yasir kuma, a Muslim, an ce tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum.

Yi gwaji sau uku kai kaɗai, sau ɗaya a gaban masu saurarenka biyu.

Mataki na 9: Ranar taro

Je da wuri. Tsaya inda za ka tsaya, gwada makirfo, riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga baki ba tare da ka rufe kansa da hannu ba. Sha ruwa kaɗan, ba mai sanyi sosai ba.

Faɗuwar gaba za ta zo, har yau tana zo mini, kuma takan lafa bayan jimla biyu ko uku. Shi ya sa aka haddace ta farko. Kafin a kira ka, ja numfashi a hankali sau uku. Ni nakan karanta addu'ar Annabi Musa da ke Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa.

Da ka miƙe, kafa ƙafafunka, ka bari surutu ya lafa kafin ka yi sallama. Zaɓi fuska uku, dama da tsakiya da hagu, ka riƙa yi musu magana bi da bi. In mata suna gefe guda ko bayan labule, juya wajensu lokaci-lokaci. Masu jawabi da yawa suna mantawa da su, alhali su ke kwalfe ruwan in ya shiga ɗaki. In an ɗauke wuta lasifika ta mutu, kada ka tsaya jiran janareta: matsa kusa, ɗaga murya, yi wa na sahun ƙarshe magana. In ka manta inda kake, dubi kati a natse, maimaita jimlarka, ka ci gaba. In aka kira salla, tsaya nan take.

Da ka faɗi jimlar ƙarshe, yi godiya ka zauna. Kada ka ce "daga ƙarshe" sau uku.

In ba-zata aka yi maka, aka ce "Malam wane zai ɗan ce wani abu", yi amfani da lokacin da kake tafiya zuwa gaba ka nemo jimla ɗaya da misali ɗaya. Gaisuwa, jimla, misali, jimla, godiya. Minti ɗaya ya isa.

Mataki na 10: Tambayoyi da abin da ke biyo baya

Saurari tambaya har ƙarshenta, ka maimaita ta da ƙarfi domin na baya su ji, kai kuma ka sami lokacin tunani. In ba ka san amsa ba, ce ba ka sani ba, za ka bincika ka kawo. Malamai sun ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma shi ne malamin Madina a zamaninsa. Kame-kame ne ke zubar da mutunci.

Wanda ya taso da zafi, kada ka biye masa. Ce masa "Baba" ko "Yaya" ko "Malam" gwargwadon girmansa, ka ware gaskiyar da ke cikin maganarsa ka amsa ta: "Gaskiya ne, Baba, bara an bar dattin a hanya. Bana mun samu aron baro biyu, kuma ga inda za a kai." In ya ci gaba da neman rigima, mayar da maganar ga shugaban taro, aikinsa ne.

A daren nan, kafin abin ya huce, buɗe littafinka ka rubuta inda jama'a suka yi tsit, inda suka fara duba waya, da tambayar da ba ka zata ba. Washegari nemi mutum ɗaya da ya halarta, wanda ba abokinka ba, ka ce masa, "Jiya me aka ce a taron?" Rubuta amsarsa a ƙarƙashin jimlar da ka sa a saman shafi tun mataki na 2, ka gwada su. In sun yi nisa da juna, ɗauko katunanka ka nemo wurin da zaren ya tsinke, ka sa masa alama kafin a sake kiran ka.